Na kira ƙanwata da mummunan suna a gaban jama'a, wane ne mai laifi?

Assalamu alaikum Hajiya. Ni dillalin tumatir da tattasai ne a kasuwar Mile 12, iyalina suna Agege. Ina da ƙanwa uwa ɗaya uba ɗaya, aurenta ya mutu a gida, tana da 'ya'ya biyu. Ni na kawo ta Legas ta zauna a gidana, amma zaman bai yi daɗi ba tsakaninta da maiɗakina, sai ta kama ɗakin haya kusa da mu, ta fara sayar da abinci a bakin kasuwa. Kwanakin baya wani abokina ya ce mini ya ga wani mutum yana sauke ta a mota wajen ƙarfe 11 na dare, kuma ba sau ɗaya ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ranar sunan ɗan wani ɗan garinmu, a gaban maza da mata, na ce mata karuwanci ta zo yi Legas ba sana'a ba. Na kuma aika saƙon murya a zauren WhatsApp na danginmu na maimaita. Tun ranar ba ta sake gaishe ni ba, ta hana 'ya'yanta zuwa gidana, Inna kuma ta kira daga gida tana kuka. Daga baya ta aiko a gaya mini mutumin mijin wadda suke sana'a tare ne, yana kwaso su su biyu da kulolinsu, ita ake saukewa daga ƙarshe. Ni dai gyara na yi niyya, don ko ba komai mace ta shiga motar wanda ba muharraminta ba da dare ai ba daidai ba ne. Wasu na cewa in ba ta haƙuri, wasu na cewa ni ne babba. Wane ne mai laifi a tsakaninmu?

Daga wani bawan Allah, Agege

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kai ne mai laifi, kuma laifin ba ƙarami ba ne. Na fara da haka don kada ka karanta har ƙarshe kana jiran in raba muku shi gida biyu.

Sake duba wasiƙarka ka ga abin da ka sani da gaske. Ba ka ga komai da idonka ba. Abokinka ne ya gani, shi ma abin da ya gani mace ce tana sauka daga mota da dare. Bai ce ya ga sun shiga ɗaki ba, bai ce ya ga an miƙa kuɗi ba. Daga wannan ka tsallaka ka dira a kan karuwanci, wato ka ce ƙanwarka tana zina, kuma ta mai da zinar abin neman abinci. Tsakanin sauka daga mota da wannan magana akwai tafiya mai nisa, kai kuma ka yi ta a numfashi ɗaya saboda zuciya ta ɗebe ka.

Magabata ba su tara mana sunayen munanan ayyuka don ado ba. Akwai kuskure, wanda mutum ke yi ba da niyya ba. Akwai sakaci, akwai rashin kyautawa, akwai tsayawa a wurin zargi, wato ka yi abin da shi kansa ba haramun ba ne amma yana buɗe wa masu surutu baki. Sai saɓo, shi ma hawa-hawa ne, da ƙanana da manya. Can sama kuma ga alfasha, ga zina wadda Allah Ya yanka mata haddi. Kowane suna da nauyinsa, kuma kowanne da irin hujjar da ake nema kafin a ɗora wa mutum shi. Iyakar nauyin sunan, iyakar tsananin hujjar.

Na yarda da kai a kan abu ɗaya. Addini ya hana namiji ya keɓe da macen da ba muharramarsa ba, wannan babu jayayya. Ko da mun ɗauka daga inda aka sauke abokiyar sana'arta zuwa ƙofar gidanta su biyu ne kaɗai a motar, kuma mun ɗauka hakan bai dace ba, to sunan abin ke nan: bai dace ba. Magana ce ta yaya da ƙanwa a cikin ɗaki, a ce "wance, wannan tsarin ba na son sa, mu nemi wata hanya." Ba ta wuce haka ba.

Abin da kai ka yi kuwa yana da suna tsayayye a littafi, ƙazafi. Aya ta 4 a Suratun Nur ta ce waɗanda suka jefi mata kamammu da zina, sannan ba su kawo shaidu huɗu ba, a yi musu bulala 80, kada a sake karɓar shaidarsu, kuma su ne fasiƙai. Ka lura da inda sunan ya koma. Ka fito ne da niyyar nuna fasiƙa, sai ayar ta ɗauki sunan ta manna wa mai maganar. Aya ta 23 a surar ta ƙara da la'ana duniya da lahira. A hadisin Abu Huraira da ke Bukhari da Muslim, inda Annabi (SAW) ya lissafa abubuwa bakwai masu halakarwa, jifan mata muminai kamammu yana jere ɗaya da shirka, da sihiri, da kisan kai, da cin riba, da cin dukiyar maraya, da gudu daga fagen fama. Shaidu huɗun nan ma ba waɗanda suka ga mota ake nufi ba. Maza huɗu adalai ne da suka ga aikin kansa ƙuru-ƙuru. An tsananta sharaɗin ne da gangan, don a rufe bakin irin abokinka.

Kada kuma ka ce ai cikin fushi ne, ko ai ba ka ambaci zina da sunanta ba. A mazhabarmu ta Malikiyya ko habaici ne, in dai an gane inda aka dosa, ana ɗaukar sa ƙazafi. Wanda ya yi karatun Risala a zaure ya wuce ta wurin da aka ce akwai haddi a cikin ta'aridi, wato habaici. Kai ko habaicin ba ka yi ba, ka faɗa ɓaro-ɓaro, sau biyu, na biyun ma ka naɗe shi da muryarka.

Da a Zamfara ne, inda aka fara aiki da dokokin shari'a na hukunta laifuka a shekarar 2000, ko Kano ko sauran jihohin Arewa da suka bi sahu, ƙanwarka na iya tsayawa gaban alƙali ta nemi haƙƙinta da wannan saƙon murya a hannu. A Legas babu kotun da za ta yi maka bulala 80, sai dai ƙarar ɓata suna, wadda na san ba za ta kai ɗan'uwanta ba. Wannan ba abin murna ba ne gare ka. Akwai hadisi a Muslim da Annabi (SAW) ya tambayi sahabbai ko sun san matsiyaci, sannan ya ce shi ne wanda zai zo ranar ƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya yi wa wancan ƙazafi, ya ci dukiyar wancan, sai a yi ta ɗibar ladansa ana biyan su. Abin da ba a warware a nan ba, can ake warware shi, kuma can ba a biya da naira.

Shi kuma abokin naka, me yake yi a ƙofar gidan bazawara ƙarfe 11 na dare har yana ƙirga sau nawa aka sauke ta? Ka tambayi kanka. Suratul Hujurat aya ta 6 ta ce in fasiƙi ya zo muku da labari ku bincika, kada ku afka wa mutane cikin jahilci ku wayi gari kuna nadama. Aya ta 12 ta hana yawan zato, ta hana bin diddigin sirrin mutane, ta hana yi da juna. Ban ce abokinka fasiƙi ne ba, don kada ni ma in faɗa ramin da nake ja maka kunne a kai. Amma ɗaukar magana daga nan a kai can don a ɓata tsakani sunansa annamimanci, kuma wanda ya kawo maka irin wannan labari a kan jininka, in da alheri yake nufi, zai haɗa da "ka bincika a hankali." Ya ce maka haka?

Irin wannan ta taɓa faruwa a gida mafi daraja. Nana Aisha ta rabu da ayari a hanyar dawowa daga yaƙi, Safwan ɗan Mu'aɗɗal ya same ta, ya ɗora ta a raƙuminsa ya ja ta har suka cim ma mutane. Abin da ido ya gani ke nan, mace a abin hawan namijin da ba muharraminta ba. Sauran duk baki ne ya ƙara, Madina ta ɗau wata guda tana surutu kafin ayoyin Suratun Nur su wanke ta. Cikin waɗanda suka yaɗa maganar har da Misɗahu, ɗan'uwan gidan ne, Sayyidina Abubakar ke ciyar da shi. Ayoyin ba su tsaya kan wanda ya ƙirƙira ba, sun tuhumi waɗanda suka ji suka karɓa da harsunansu, suna ɗaukar abin da sauƙi alhali a wurin Allah babba ne. Duk wanda ya tura saƙon muryarka gaba a cikin danginku ya shiga wannan layi, kuma kai ka buɗe masa ƙofa.

Na san inda abin ya samo asali, don ba daga kanka aka fara ba. A al'adarmu mace in ba ta gidan miji ba ta gidan uba, sunan da ke jiran ta guda ne. "Mai zaman kanta" ma da ya kamata ya nufi wadda ke riƙe da kanta, mun mai da shi zagi. Amma abin kunya daban, zunubi daban, laifin da hukuma ke kamawa daban. Wani lokaci sukan haɗu a abu ɗaya, sau da yawa kuma ba sa haɗuwa. Bazawara ta kama ɗaki ta zauna da 'ya'yanta, a ƙauyenku wataƙila abin kunya ne, amma babu ayar da ta ce zunubi ne. Uwargida ta ambaci sunan ɗan fari abin kunya ne a wurin iyayenmu, ba wanda ya ce za ta shiga wuta. Mutum ya ci bashi ya ƙi biya yana da hali, wannan zalunci ne a bakin Annabi (SAW), amma mai yin sa yana zaune a sahun gaba ranar Juma'a ba ya jin ko ɗar. In aka bar kunya ta zama ita ce ma'aunin zunubi, wanda ba shi da gata ne kullum zai fito da laifi.

Sannan Legas ce fa, ƙanena, ba ƙauye ba. Kai da kanka ka san Mile 12 ba ta barci, motocin gwari daga Arewa cikin dare suke shigowa, 'yan dako da direbobi kuma sai sun ci abinci. Mai abinci ba ta tashi sai tukunya ta ƙare, ta wanke kwanuka, ta haɗa kuɗi. Daga nan ta kama hanyar Ketu, ta Ojota ko ta Berger, ta Ogba, kafin ta ga gadar Pen Cinema, ga kuloli, ga cunkoso. Tun watan Satumba na 2022 gwamnatin jiha ta sa Kosofe, inda kasuwar take, cikin ƙananan hukumomin da aka hana acaba. Tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023 kuɗin danfo, motocin hayar Legas, ya ninka. Macen da ta samu motar mijin ƙawarta tana kai ta ƙofar gida kyauta, ba ta tsaya a tasha ita kaɗai da tsakar dare ba, ni ban ga wawta a lissafinta ba. Kai da kake yayanta, kasuwarku ɗaya, unguwarku ɗaya, ka taɓa tambayar ta yadda take komawa gida? Ka taɓa tambayar nawa take biya kuɗin ɗaki, ko wa ke biyan kuɗin makarantar yaran nan? Ka ce zama bai yi daɗi ba tsakaninta da maiɗakinka, ka wuce wurin da sauri. Ni a nan na tsaya. Mace ba ta barin gidan yayanta ta tafi haya a Legas don marmari.

Bari in taɓo wani wuri, ba don na zarge ka ba, sai don kasuwarka ce. Kowa ya san yadda wasu ke shirya kwandon tumatir, manya jajaye a sama, ruɓaɓɓu a ƙasa. Kowa ya san dillalin da ke sayar wa mai kaya a farashi ɗaya ya gaya masa wani, ya ci la'ada ya ci ƙari. Waɗannan ma suna da sunaye, algus, ha'inci, cin amana, tauye mudu wanda sura guda ta buɗe da yi wa masu shi alkawarin azaba. Annabi (SAW) ya taɓa cusa hannu cikin tsibin hatsi a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya ce wa mai shi me ya hana ka sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Amma mu a bakin kasuwa sai mu ce dabara ce, wayo ne, kasuwa ta gaji haka. Namiji in ya yi neman mata a ce ƙuruciya ce, ko a ce ɗan duniya ne, har da dariya. Sunaye masu taushi namu ne, masu kaifi kuma mun ajiye wa mata, musamman wadda ba ta da mijin da zai tsaya mata. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. In kana son ma'aunin da ba ya son kai, yana cikin hadisi na 27 a Arba'una: zunubi shi ne abin da ya yi maka kai-kawo a rai, kuma ka ƙi mutane su gani. Da ranka a kwance yake da ba ka rubuto mini ba.

Yanzu abin yi. Saɓon da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, malamai sun ce tubansa shi ne a daina, a yi nadama, a ƙudurta ba za a koma ba. Wanda ya shafi haƙƙin mutum yana da ƙari, sai an mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa ko ya yafe. Kai mutuncinta ka ɗauka, shi za ka mayar, kuma a inda ka ɗauke shi. Wato ba ya isa ka aika mata turmin atamfa ta hannun maiɗakinka, ba ya isa ka goge saƙon daga zauren. Ka naɗi wani da muryarka, a zauren nan dai, ka ce abin da ka faɗa a kan wance ba ka da hujja a kai, ƙarya ne, ka janye, kuma duk wanda ya tura na farko ya tura wannan. Ka je gidan da aka yi sunan ka faɗa wa maigidan da matan gidan haka. Zai yi maka nauyi, na sani. Ka tuna ita ma da nauyin take fita kasuwa kowace safiya, tana zuba wa mutanen da suka ji maganar abinci.

Ka fara da kiran Inna kafin komai. Kukan da take yi ba na 'yarta kaɗai ba ne, tarbiyyarta ka zaga. Daga nan ka taka da ƙafarka zuwa ɗakin ƙanwarka, kada ka aika a kira ta. In kana ganin ba za ta buɗe maka ƙofa ba, ka ɗauki dattijo ɗaya da take jin nauyinsa, limamin masallacinku ko wani babba daga garinku, ba tawaga ba. Ba sai an kai ga fadar Sarkin Hausawa ba, kowane kunne da aka ƙara wani tonon asirin ne. In ka zauna kuma, ka bar irin ban-haƙurin nan na manya, "in ma na ɓata miki rai ki yi haƙuri, amma ke ma..." Wannan sabon zagi ne. Ka kira abin da sunansa, ka ce na yi miki ƙazafi, na zalunce ki, ki yafe mini. Girman da ake cewa kana da shi, a nan ake ganin sa.

Tana iya ƙin yafewa a ranar. Haƙƙinta ne. Kada ka ɗauko mata hadisin hana ƙaurace wa ɗan'uwa fiye da kwana uku ka mai da shi sanda, kai da ka jawo ƙauracewar. Ka ci gaba da yi mata sallama, ka ci gaba da aika wa yaran abin da ka saba, ko fiye. Yaran nan su ne za a yi wa gori a makarantar allo da kalmar da ta fito daga bakin kawunsu. Kuma duk mai son aurenta a Agege sai ya yi tambaya, abin da zai fara ji shi ne yayanta ma ya faɗa. Shi ya sa janyewar ta zama dole ta yi ƙara kamar yadda zagin ya yi.

Ka rubuto kamar kana jiran a tabbatar maka da bayaninta kafin ka motsa. Ba ita ke da nauyin kawo hujja ba, kai ne, kuma ba ka da ita. Kada ka sa yara su bi motar, kada ka je ka tsare mijin ƙawarta da tambayoyi ka ɓata wani auren. Ko da wata rana ka ga abin da ya fi wannan da idonka, hanyarsa nasiha ce a ɓoye. Lokacin da Ma'izu ya zo ya yi iƙirarin zina da bakinsa, Annabi (SAW) kau da kai ya yi ta yi, kuma ya ce wa Hazzalu, wanda ya tura shi, da ka rufe shi da mayafinka da ya fi maka alheri.

Maganar dawowar dare kuma, ka bar ta sai ƙura ta lafa, kada ka haɗa ta da ban-haƙuri a zama ɗaya. In lokacin ya yi, ka zo da mafita a hannu. Ko ka ɗauki nauyin mai keke amintacce da zai riƙa jiran ta a inda motar ke sauke ƙawarta, ko a juya tsarin a fara sauke ta, ko ɗaya daga cikin yaran shagonka da ke kwana Agege ya riƙa biyo su, ko ka ƙara mata jari ta koma abincin safe da rana ta tashi kafin magariba. Ka tambaye ta wanne ya fi mata, don ita ta san cinikinta. Ka kuma zauna da maiɗakinka ka ji ainihin abin da ya fitar da ƙanwarka daga gidan, ka ji ta bakin ƙanwar ita ma. Allah Ya daidaita tsakaninku.